Yadda za ki fara tara tsoffin Barbie na ƙarshen shekara a nan Yamai, zafi da ƙura ba su cinye miki su ba

Ni tela ce, shagona yana Yantala, asalina garin Tawa, kuma tun 2016 nake tara ƴan tsana. Eh ƴan tsana na roba waɗanda ake ce ma Barbie, amma ba kowace nake ɗauka ba, waɗanda kamfanin Mattel ke hiddowa sau guda a shekara wajen watan Disamba cikin doguwar rigar biki, su nake bi. Mata da yawa in sun shigo auna kaya sunka hangi bitirin ɗina sai tambaya ta tashi, ina kike samunsu, nawa nawa, yaya ake gane ta gaske, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ta karanta a natse.

Ta farko a Katako na tsince ta, na je neman bobin na keken ɗinkina, sai ga wani tsoho ya baza tampol ya zuba kayan wasan yara na bosho, motoci marasa taya, ƙwallaye, a tsakiya wata ƴar tsana kwance da rigar karammiski kore mai duhu, gashinta ya cukurkuɗe kamar soson wanka. Ba fuskar ta ja ni ba wallahi, rigar ce. Na ɗauka na juya cikin rigar waje kamar yadda kowane tela ke yi in ya ga ɗinkin wani, na ga yadda anka tattare ƙugu, na ga an ɗinka duwatsu da ƴan ƙyalli a ƙirji ɗaya bayan ɗaya a wurin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, na tsaya nan cikin rana ina kallo har tsohon ya ce "Hajiya ki kai ma ɗiyarki, kawo dala ɗari." Na ba shi ban ko taya ba. Sai daga baya na gano ashe ta 1991 ce.

To kafin ki hidda ko dala guda ki san abin da kike nema. Barbie kanta ta hito ranar 9 ga Maris 1959 a birnin Niyok na Amurka, wata mata Ruth Handler ta ƙirƙiro ta ta sa mata sunan ɗiyarta Barbara, lokacin dalar Amurka 3 ake saida ta. Tsawonta wajen santimita 29. Amma jerin na ƙarshen shekara ɗin nan sai 1988 anka fara shi da sunan Happy Holidays, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shekara ita ce kalar riga, ki hardace su kamar yadda kika hardace sunan atamfa. Ta 1988 ja ce, yadin raga mai walƙiya an tara shi hawa hawa. Ta 1989 fara da gashi mai laushi a baki bakin rigar. 1990 ruwan hoda mai ƙarfi, kuma a wannan shekara ce anka fara yin baƙar fata a jerin, in kin same ta kada ki sake ta. 1991 koren karammiski, ita ce tawa ta farko. 1992 ruwan azurfa, 1993 ja da ruwan zinari, 1994 ruwan zinari da fari, 1995 kore mai sheƙi, 1996 karammiski kalar bisap da hula da abin sa hannu na farin gashi, 1997 mai gashi ruwan ƙasa mai duhu ce da ja da fari don cikar shekara goma, 1998 baƙin karammiski da azurfa da mayafi ruwan hoda. Ta 1999 shuɗiya ce anka canza mata suna zuwa Millennium Princess saboda shiga sabon ƙarni. Bayan nan an ci gaba har yau, amma ni shawarata ga mai farawa ki tsaya tsakanin 1988 da 1999, goma sha biyu ke nan, abu ne mai iyaka da za ki iya gani kina cikawa. Wadda ta ce duk wadda ta gani za ta saya, cikin wata shidda ɗakinta zai cika da tarkace aljihu ya hwashe kuma ba ta da ko guda da za ta nuna ma mutum da alfahari.

Akwai wadda za ta ce ai waɗanga na bikin Nowel ne, mu kuma ba bikinmu ba ne. Gaskiya ne don wannan lokacin anka yi su. Ni abin da nake kallo aikin allura ne da zanen riga, kuma maganar aje ƴan tsana a gida ga babba na san malamai sun yi bayani kala kala, an san dai Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda ta yi wasa da ƴan tsana tana ƙarama, sauran kowa ta tambayi malamin da ta yarda da shi ta bi abin da hankalinta ya kwanta da shi. Ni dai ba na aje su a ɗakin da nake salla.

Yanzu babbar maganar, wadda anka fi cutar mutane da ita. In kika tuɓe rigar kika duba ƙasan bayanta za ki ga an rubuta Mattel da 1966. Wallahi ƴar uwa wannan ba shekarar da anka yi ta ba ce, shekarar da anka yi rajistar irin wannan jikin ce, mai ƙugu da ke juyawa, kuma sun yi ta amfani da wannan jiki shekaru sama da talatin, miliyoyi ne ke ɗauke da wannan lambar. Haka in kika ɗaga gashin ƙeya za ki ga wata shekara daban, a waɗanga na farko farkon jerin yawanci 1976 za ki gani, ita kuma shekarar zubin fuskar ce mai murmushi haƙora a waje. Ke nan ƴar tsanar 1991 kanta na cewa 1976 bayanta na cewa 1966 kuma duk ba ƙarya ba ne. Wani ya taɓa turo min hoto ta Facebook wai ya samu ta 1966 cikin dila, jika ɗari yake so, na ce ya juya ya karanto min ƙasar da anka yi ta, ya ce China, na ce to malam shi ke nan magana ta ƙare. A shekarun 1960 yawanci a Japan ake yinsu, har zuwa farkon shekarun 1970, daga baya ne aikin ya koma wurare irin su Taiwan da Hong Kong da Filifin, sannan Malesiya da Indonesiya da China. Sunan ƙasar ya fi shekarar gaya miki gaskiya.

Jabu kuma ba ta da wuyar ganewa in kin riƙe ta gaske sau ɗaya a hannu. Ta gaske tana da ɗan nauyi, ƙafafunta roba ce mai tauri mai santsi, in kika lanƙwasa gwiwa za ki ji ƙas ƙas tana tsayawa mataki mataki. Ta jabu ƙafar holoƙo ce, ki matsa da yatsa ta loɓa. Ki buɗa gashin da yatsa, ta gaske an dasa shi layi layi ya rufe kai duka, ta jabu a gefe gefe kawai anka dasa da layin tsaga, tsakiyar kai sanƙo. Idon ta gaske fentin ya hita tsab da ƴan layukan gira, na jabu sau da yawa ɗaya ya hau sama ɗaya ya sauko. Sai rigar, ki leƙa ciki ki nemi ɗan lakabi mai sunan Barbie da anka ɗinka a jikin ɗinkin. Kuma ki lura, ƴan bosho sukan tsinci riga daban ƴar tsana daban su haɗa, ba da mugunta ba, su dai a wurinsu duk ɗaya ne, saboda haka ki buɗe intanet a wayarki nan take ki rubuta sunan jerin da shekarar ki gwada hoton da abin da ke hannunki, kalar gashi, kalar ido, ƴan kunne. In riga ce ta gaske a jikin wata daban ni saye nake yi duk da haka, don rigar ta fi ƴar tsanar wuyar samu.

Inda ake samu a Yamai ba ya wuce wurin masu kayan bosho. Katako ita ce gaba, sai Wadata, sai ƴan tebur na gefen Babbar Kasuwa wani lokaci, amma sirrin ba yawo ba ne, sabo ne. Ki samu mutum ɗaya ko biyu masu kwance dilar kayan wasa ki saba da su, ki gaishe su da kyau, ki nuna musu hoton abin da kike so a waya, ki bar musu lambarki ki ce duk ranar da anka kwance sabuwar dila a kira ki kafin a baza. Wani dattijo da nake ce ma Baba haka muke da shi shekara da shekaru, in ya ga mai doguwar riga sai ya sa ta cikin leda ya tura ƙarƙashin tebur, ni kuma in salla ta zo nakan ɗinka ma jikokinsa kaya ban karɓi kuɗɗin ɗinki ba. Bayan Janairu zuwa watannin da ke biye nakan fi dacewa, ina jin lokacin ne can Turai suke share gidaje bayan biki. In kin je kada ki nuna zumuɗi, ki haɗa ta da wasu ƴan kaya ki taya gaba ɗaya, amma kuma kada ki danne talaka, in ya ce dala ɗari biyu kuma kin san abin ya kai, ba shi jikarsa guda ki tahi, gobe ma shi zai kira ki. Ni mafi tsadar da na saya a kasuwa jika bakwai ce, ta 1996 da hularta da komi.

Waɗanda ke cikin kwalinsu ba a taɓa buɗewa ba, su da wuya ki gansu a tampol, sai ta waje. In kina da ɗan uwa a Faransa ko Beljik, akwai shafukan saye da sayarwa na intanet irin su Vinted da Leboncoin, a Amurka kuma eBay, shi zai saya ya riƙe har a samu mai zuwa gida. Za ki ga suna rubuta NRFB a talla, ma'anarsa ba a taɓa hidda ta daga kwali ba. A nan ga abin da nake so ki ji da kyau: kada ki kalli kuɗɗin da mai kaya ya rubuta yana nema, ki nemi wurin da ke nuna waɗanda anka riga anka sayar, nan gaskiyar farashi take. Kowa na iya rubuta miliyan a kan abinsa. Maganar gaskiya na shekarun 1990 an yi su da yawa ƙwarai, mutane can sun yi ta saye suna ɓoyewa cikin kwali da tunanin wata rana za su yi tsada, to da yake kowa ya ɓoye sai ya zama babu ƙarancinsu, yawancinsu yau ba su wuce kuɗɗin da anka saye su ba, wasu ma ƙasa. Ta 1988 ce ke da ɗan daraja don ita ce ta farko kuma ba a yi ta da yawa kamar sauran ba. Don haka wadda ke neman jari ta sayi tunkiya ta turke, wannan abin na mai so ne. Kuma ki ce ma mai kawo miki ya sa kwalin a jakar hannu, na taɓa karɓar guda da anka danna cikin babban akwati ƙarƙashin takalma, ledar gaban kwalin ta tsage biyu.

In kin kawo ta gida daga kasuwa, ki fara ɗaukar ta hoto yadda take gaba da baya, don ki san yadda za ki maida komi wurinsa. Ki tuɓe rigar a hankali, abin maƙalewar nan na baya mai ƙaya ƙaya yana kama yadin raga ya yage shi, ki rufe shi da yatsa kina zarewa. Jikin ki wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabunin wanke kwanoni da tsohon buroshin haƙori mai laushi, fuska kuma da yatsa kawai ko auduga. Kada jabel ya kusance ta, kada ki sa abin goge jan farce, shi wannan cikin ƙiftawar ido zai share ido da baki kuma ya narka robar jiki mai tauri. Kada ki nutsa ta cikin bokiti, ruwa na shiga ciki ya ƙi hita. Gashi shi ke cin lokaci. Ki wanke, ki shafa man laushin gashi irin wanda muke sawa bayan shamfu, ki bar shi ya jiƙa, sannan ki riƙe kan da hannu guda ki fara tajewa daga ƙarshen gashin kina hawa sama kaɗan kaɗan, in kika fara daga sama tsige shi za ki yi kuma ba ya tsirowa. In ya warware ki zuba masa ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, zai kwanta luf, ki bar shi ya bushe a inuwa. Ƙarfen miƙar da gashi ko na'urar busarwa kai tsaye a'a, gashin roba ne ƙonewa zai yi. Kuma kada ki ja kan da ƙarfi wai ki cire, akwai ƙugiya cikin wuyan, wuyan ne zai tsage, in dole ne sai kin ɗumama kan ya yi laushi tukuna.

Rigar ita ba a wanke ta sai in babu makawa. Ja da kore da baƙin karammiski suna zuba, masu walƙiya kuma walƙiyar ke bin ruwa ki tashi da yadi fayau. Ni buroshin kwalliya mai laushi nake sawa in kakkaɓe ƙura, in akwai tabo in dangwala farin ƙyalle a ruwan sanyi in dinga dannawa a wurin kaɗai, in ta yamutse kuma sai in riƙe ta sama da tururin buta nesa nesa, ban taɓa ɗora mata dutsen guga ba. Ƴan kunne in na ƙarfe ne ki cire ki aje daban, ƙarfen na haɗuwa da robar ya sa kunnen ya yi kore, wannan ya fi faruwa ga tsoffin can na 1960 amma rigakafi ba ya ɓaci. Ƴan robobin ɗaure gashi na asali su ma da sun tsufa narkewa suke su manne, ki cire ki ɗaure da zare. Tabon biro a fuska ko ƙafa, akwai man ƙurajen fuska na farmasi mai benzoyl peroxide, a ɗiga a kan tabon kaɗai a rufe da ƴar leda a bari kwanaki ana dubawa, yana aiki amma yana iya kashe kalar wurin, ki gwada a tafin ƙafa tukuna.

To sai babban abokin gabarmu, wanda masu rubutu daga Turai ba su san shi ba kamar mu, zafin Afirilu da Mayu. Shekarar da na fara, ina da guda uku, na naɗe su tare cikin akwatin ƙarfe irin na amare na aje a ɗakin ajiya mai rufin kwano, da tunanin na ɓoye su daga ƙura. Da damina ta faɗi na buɗe sai na tarar jar rigar ta rina cinyoyin ɗaya, ƙafafun ɗayar sun yi danƙo kamar an shafa zuma, hannun wannan ya kwanta a bayan waccan ya bar shaida ya loɓa robar. Na zauna a ƙasa na yi shiru, raina ya ɓaci sosai don guda daga ciki ita ce mai koren karammiskin nan. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani mai da ake sa wa robar don ta yi laushi, zafi ke tura shi waje, shi ne danƙon, kuma in roba mai laushi ta daɗe manne da mai tauri sai ta ci ta. Danƙon yana wankuwa da sabuni amma yakan dawo, loɓawar kuwa har abada.

Saboda haka ki nemi wuri mafi sanyi a gidan, ɗakin ciki, ƙasa ƙasa ba saman armuwar ba don zafi sama yake taruwa, nesa da taga, rana kada ta taɓa su ko ta minti goma a yini don ita ke koɗe riga ta maida ledar kwali rawaya. Ba sai kina da kilim ba, ni ma ba ni da shi a ɗakin, da kuran ɗin da ke zuwa yana tahiya ma ba abin dogaro ba ne, ɗaki mai silin da iska ke ratsawa ya wadatar. Bitirin mai gilashi da ke rufuwa da kyau shi ne maganin hazo, na sa kafinta ya manna min siririn soso a bakin ƙofar, tun daga Nuwamba har Fabrairu ƙurar da ke shiga kaɗan ce. Kowace ta tsaya da ƙafarta kada su jingina da juna. Waɗanda za ki kwantar ki naɗe kowace daban cikin farin yadi na auduga da anka wanke, ba jarida ba don tawadar na kamawa, ba leda ɗaure ba don tana riƙe gumi. Masu riga mai duhu nakan ɗinka musu ɗan farin siket na ciki da ke raba yadin da cinya. A watan Agusta da iska ke da laima ki jefa ƴan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin sabbin takalma, suna shan danshi. Kwali kuma abincin gara ne da kyankyaso, kada ya taɓa ƙasa ko bango, ki riƙa ɗagawa kina leƙawa duk wata.

Ki sayi kaye guda ki riƙa rubutawa, shekarar ƴar tsana, ranar da kika saye ta, wace kasuwa, nawa, mi ya ɓace a jikinta, takalmi ko sarƙa ko hula. Takalman nan ƙanana su ne ke fara ɓata, in kin ga ana saida tarkacen kayan ƴan tsana cikin kwano ki tsuguna ki tona, sau biyu ina cika takalmi ta haka. Yaran gida kuma kada ki hana su da faɗa kawai, ki saya musu nasu na wasa ki aje a kwando, in ɗiyar ƙanwata ta zo nakan buɗe bitirin in ɗora mata guda a cinya ta taɓa ina zaune kusa, daga nan ta koma kan nata.

Su kuma tsirarun da ke zuwa ba riga, waɗanda na rasa gane shekararsu, ban zubar ba. Tun 2019 duk ƙaramar salla nakan ɗauki guda in ɗinka mata kayan salla da ƙyallayen da sunka rage a shago, shadda mai aiki a wuya, leshi, atamfa da ɗaurin kallabi, akwai wadda na yi ma baƙin turkuɗi irin na matan Abzin har wani maƙeri ya ƙera mata ɗan kuros na Agadas da bai kai farce ba. Hannun riga ne ke ba da wuya a wannan girman, sai da allurar hannu, kuma yadin in ya yi kauri tsayawa yake ƙiƙam ba ya zubowa, shi ya sa nake wanke shaddar sau biyu ta saki kafin in yanka. Suna jere a hawan ƙasa na bitirin, na Mattel a hawan sama. Na sama yanzu tara ne cikin sha biyu, saura 1989 da 1992 da ita jar ta 1988, Baba na Katako yana da hotonsu duka uku a wayarsa.